Tarbiyyar Yaban a Gidan Afandi

Da sunan Allah nake farawa. Malamar da ta sauka a gidanmu bana daga Kano ta ce in faɗa ta rubuta, tunda ni ban iya ba. Sunan maigidana ba zan kama ba, Allah ya jiƙansa, matan zamaninmu ba sa kama sunan miji. Na 'yata ma ba zan kama ba, 'yar fari ce. Na ukun kuwa, wanda labarin yake a kansa, na san sunansa sarai, bakina ne ba ya so. Afandi muke ce masa, haka kowa yake ce masa a unguwar Jiyad.

Mun baro Kano ina amarya, muka shigo Makka ina da tsohon ciki, don hanyar Sudan ta ci mana shekaru. A Jarwal muka sauka, cikin 'yan'uwanmu Takari, a wata bukka ta kwano da buhu. Maigidana ya kama sana'ar ruwa. Garwa biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya hau benayen mutane tun asuba. A haka ya san gidan Afandi.

Afandi Baturke ne, tsoho, mai farin gemu da tabarau. A Santambul marubucin jarida ne, in ji mutane. Da mulki ya canja a ƙasarsu aka sauya abubuwa da yawa, sai ya kwaso littattafansa ya dawo kusa da Ɗakin Allah. Matarsa ta riga ta rasu. Matar ɗansa kuma ta rasu wurin haihuwa a gidan nan na Jiyad, ɗan ya tafi Masar neman aiki, aka bar tsoho da jaririya ba mai ba ta nono. Maigidana ya kai ruwa ya ji kukanta, ya ce, "Afandi, iyalina ba ta daɗe da haihuwa ba." Da haka na shiga gidan.

Ranar da na fara zuwa ina goye da 'yata. Ina shiga soro Afandi ya miƙe tsaye, ya zagayo bayana yana kallon goyon. Na tsorata, na ɗauka wani laifi na yi. Sai ya shiga ɗaki ya buɗe akwati ya fito da wani hoto. Wata mata ce mai ƙananan idanu, da doguwar riga da ɗamara, da yaro ɗaure a bayanta, kansa ya langaɓe yana barci, kamar dai tawa.

"Yaban!" ya ce, yana nuna hoton yana nuna ni. "Yaban, ya Dada!"

Dada suke ce wa mai raino a gidajen Makka. Yaban kuwa ita ce ƙasar da yaran yanzu suke ce wa Japan. Ni a ranar ban san ko sunan mutum ne ko na abinci ba.

Tun daga ranar ya sa aka ɗauke gadon jarirai da aka kawo daga ƙasarsu. Ya ce jikarsa ma a baya za ta girma. Ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya, in wannan ta ƙoshi in juya su. Zane ɗaya na goya su da shi har ya yage. Kowa ya san hukuncin wannan a addini: 'yan'uwa ne, nono ya haɗa su. Afandi da bakinsa yake faɗa wa baƙi haka.

Ba shi da hira sai ta Yaban. Yana saurayi ya je can a jirgin ruwa, ya yi 'yan watanni, amma in yana ba da labari sai ka ce jiya ya dawo. Larabcinsa mai nauyi ne, nawa na kasuwa ne, amma muna fahimtar juna. Ina wanki a tsakar gida, yana zaune a kan kujera da kofin shayi, yana cewa a can ba a dukan yaro, ba a yi masa tsawa. Yara da kansu suke share makarantarsu, ɗan waziri da ɗan masunci tsintsiya ɗaya, tabarma ɗaya. In sun shiga ɗaki sai su jera takalmansu, bakin takalmin yana kallon ƙofa. Ya ce da wannan suka ci Rasha da yaƙi, tun daga bayan uwayensu aka fara cin yaƙin.

"Mu Turkawa mun jefar da hularmu da haruffanmu don mu zama Turawa," in ji shi. "Su kuwa sun karɓi injin Bature sun bar masa hularsa."

Ba shi kaɗai ba ne. Lokacin aikin Hajji abokansa masu tabarau sukan zo daga Santambul da Sham, su zauna a falonsa su yi ta Yaban, Yaban, har shayi ya huce.

Da yaran suka isa shiga makaranta, mu mun riga mun yanke shawara. Akwai wata malama Basakkwaciya a Jarwal da ke koya wa 'yan mata allo a gidanta. Maigidana bai yi karatu ba, iyakarsa surorin salla, kuma abin yana ci masa rai. Yakan ce da ni, "Ni dai burina guda ne. Ranar da na mutu, yarinyar nan ta buɗe Alƙur'ani ta karanta mini Yasin da bakinta." Har allon ya sayo mata.

Afandi ya ji labari ya kira shi. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Za ka kai ta inda ake dukan yara da bulala?" ya ce. "Ka ba ni ita. Nono ɗaya suka sha da jikata, tabarma ɗaya za su zauna. Zan yi musu tarbiyyar Yaban, in koya musu karatu da rubutu, Alƙur'ani da lissafi. Abin da na kasa yi a ƙasata zan yi shi a gidan nan."

Maigidana ya tambaye shi mece ce tarbiyyar. Ya lissafa masa: shara, jera takalma, yin magana a hankali, sunkuyar da kai ga babba.

Maigidana ya yi dariya. "Afandi, in gaisuwa ce, ai mu a Kano yaro yana iya durƙuso kafin ya iya gudu."

"Ka gani!" in ji Afandi, yana buga gwiwa. "Ku ma Yabanawa ne, rana ce kawai ta ƙona ku."

Suka yi ta dariya su biyu. Ni ma na yi.

Maigidana bai ɗauki abin da wasa ba. Ranar Juma'a ya ɗauko dattawa biyu daga Jarwal, ya nemo goro, wanda a lokacin sai an sha wuya ake samunsa a Makka. Ya kama hannun yarinyar ya sa a hannun Afandi, ya ce, "Na ba ka ita amana." Aka shafa Fatiha. A wurinmu in mutum ya faɗi haka gaban dattawa, riƙo ke nan. Karatunta, suturarta, aurenta, duk sun koma wuyanka, kuma uban da ya haife ta ba zai ƙara sa baki ba sai da kunya. Afandi ya ɗaga hannu ya ce amin tare da kowa. Na daɗe ina tunanin me ya ɗauki wannan Fatihar. Allon kuwa maigidana ya ba wa 'yar maƙwabta.

Zan faɗi gaskiya a kansa, don zan tsaya gaban Allah. Da farko ya yi abin da ya ce. Ya sa aka ɗaure ƙananan tsintsiyoyi biyu. Da idona na ga tsohon nan a durƙushe da tsumma yana goge matakala, yarinya ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Kwano ɗaya suke ci. Bai taɓa ɗaga wa 'yata hannu ba, ko murya. In ta fasa kofi sai ya ce ta tattara, ta ba kofin haƙuri. Nakan koma Jarwal ina ba mata labari suna riƙe baki.

Shekara ta zagayo na ce, "Afandi, karatun fa?"

"Haƙuri, ya Dada. A Yaban ba a ɗora wa yaro harafi sai ya iya ajiye takalminsa. Tarbiyya tukuna."

Wata shekarar ma haka ya ce. Maigidana in na matsa masa sai ya ce, "Ke, na ba mutum amana gaban dattawa, in koma ina bin sa kamar mai bin bashi? Ya fi mu sanin karatu."

A lokacin na daina wuni a gidan. Da safe nake zuwa in yi wanki, in koma in soya ƙosai a bakin hanya. 'Yata kuwa a gidan Afandi take kwana. Wata rana na lura tsintsiya ɗaya tana rataye a ƙusa ta yi ƙura. Na tambaya, aka ce jikar Afandi tana tari, likita ya hana ta shara. Na tausaya mata, 'yata ce ita ma, har na dafa mata kanumfari da citta. Sai kuma na fara gamuwa da wata mata 'yar Sham a matakala, tana hawa bene da jaka in na zo tafiya. Aka ce ɗinki take koya wa yarinyar, tunda ba ta iya aikin ƙura. 'Yata ba ta taɓa gaya mini komai ba. Cikin abubuwan da aka koya mata har da cewa maganar gida ba ta fita waje.

Sai babban yaƙin nan na duniya ya zo. Alhazai suka yi ƙaranci, abinci ya yi wuya, kowa ta cikinsa yake yi, ba mai zancen karatu. Da yaƙin ya zo ƙarewa aka ce an jefa wa Yaban wani bam da ya cinye gari guda. Na tarar da Afandi zaune a ƙasa da hoton nan a cinyarsa, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. "Yaran, ya Dada," yake cewa, "yaran nan masu tsintsiya." Na ajiye wankina na zauna na taya shi kuka. Mutanen da ban taɓa gani ba, na yi musu hawaye saboda shi.

Hajjin da ya biyo baya maigidana ya tafi Arfa sayar da ruwa kamar kullum. Da zai fita ya ce, "In mun sauko zan cire kunya in yi wa Afandi magana. Yarinya ta fara girma." Bai sauko da ƙafarsa ba. Rana ta buge shi da garwa a kafaɗa. Mutane sun ce ya yi sa'a, mutuwa a Arfa ranar Arfa, kuma na yarda. Amma da aka zauna zaman makoki, wata maƙwabciya ce ta karanta masa Yasin. 'Yarsa tana bakin ƙofa tana jera takalman masu gaisuwa. Malama, dakata kaɗan.

To. Na fita takaba, Hajji ya sake zagayowa. A shekarar Turkawa sun dawo da yawa, Afandi ya shirya wa abokansa walima bayan la'asar, aka kira ni in taya girki. Tsakanin falon da inda nake akwai labule kawai. Da yake akwai mutanen Sham a cikinsu, da Larabci suke hira, ina ji.

Zancen Yaban suka ɗauko, yadda aka rushe ta, da ko za ta tashi. Afandi ya ce za ta tashi, don tarbiyya ba ta ƙonewa. Ya ce, "Bari in nuna muku abin da na yi a gidan nan." Ya tafa hannu sau ɗaya.

'Yata ta shiga. Ta tsuguna ta juya takalman baƙi ɗaya bayan ɗaya suka kalli ƙofa. Ta zuba shayi, ko ƙarar kofi ba ka ji. Ta sunkuyar da kai ta ja da baya ba ta juya musu ƙeya ba. Baƙi suka yi ta masha Allah. Ni ma a bayan labule kaina ya yi girma.

"'Yar mai ɗebo ruwa ce," in ji Afandi. "Batakariya. Ban taɓa dukanta ba."

Wani mai jan gemu ya ce, "Madalla. Zo nan, 'yata, karanta mana ko aya biyu." Ya miƙa mata Alƙur'anin da ke gefensa.

Ta karɓa da hannu biyu, ta sumbace shi, ta tsaya. Ba ta buɗe ba. Ta kalli Afandi.

"A'a, wannan ba a nan ƙarfinta yake ba," ya ce, ko a jikinsa. "Kowane yaro da abin da aka halicce shi dominsa. Ku tsaya ku ji ɗayar."

Aka kira jikarsa. Ta zauna ta buɗe, ta karanta shafi guda ba gargada. Aka ba ta jaridar ƙasarsu mai sababbin haruffa, ita ma ta karanta. Ashe ɗinkin da 'yar Sham take koyarwa a bene ke nan, duk shekarun nan. 'Yata tana tsaye da butar shayi tana jiran wanda kofinsa zai ƙare.

Albasa nake yankawa. Na ci gaba da yankawa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Washegari da hantsi na same shi a tsakar gida. Ban durƙusa ba, kuma ya lura.

"Afandi, amanar da aka ba ka gaban dattawa."

"Na ci ta ne?" ya ce. "Dubi yarinyar, ya Dada. Duk Makka akwai mai natsuwarta? Jiya manyan mutane sun yaba."

"Ubanta Yasin ya nema. Bai nemi a yaba mata zuba shayi ba."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ki saurare ni. Na yi tunani a kanta ƙwarai. Karatu ga yarinya irinta wahala ne. Zai sa ta raina tsintsiya, kuma da tsintsiya za ta ci abinci. Tausayinta na ji."

"Yaushe ka yi wannan tunanin? Kafin Fatiha ko bayanta?"

Ya ci gaba da goge tabaraunsa.

"Ɗan waziri da ɗan masunci fa? Tabarma ɗaya? Kai ka faɗa mini, ina wanki a nan wurin. Na yi musu kuka tare da kai."

Ya mayar da tabarau a fuskarsa. Ya dube ni ba fushi, ba kunya, kamar mai gaya wa yaro abin da kowa ya sani.

"Wannan a Yaban ne, ya Dada," ya ce. "Nan Makka ce."

Na kama hannun 'yata muka fita. A bakin ƙofa ta fizge hannunta ta koma ta gyara masa takalminsa da na ture da ƙafa, sannan ta biyo ni.

Na je wurin dattawan Fatiha. Ɗaya ya rasu. Ɗayan ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Baiwar Allah, wa zai kai ƙarar Afandi, a gaban wa, da wane harshe? Ki bar wa Allah."

Na kai ta wurin malamar Jarwal. Ta riga ta zama budurwa, aka zaunar da ita cikin yaran da ba su daɗe da yaye ba, tana alif, ba. Hausarta ma ta karkace, yara suna kiranta baƙar Baturkiya. Ranar da malama ta ɗaga bulala, ba ma a kanta ba, sai 'yata ta rufe fuska da mayafi, don ba ta taɓa ganin an daki yaro ba. Abu ɗaya ta sani: kullum takan riga kowa zuwa ta share wurin tas, ta jera takalman yara, ta cika randa. Malama ta ji daɗi, ta riƙa aikenta, har ya zama tana shara wasu suna biya karatu. Ba a yi nisa ba 'yata ta ce da ni, "Inna, ki bar ni. Kaina ba ya ɗauka." Ba a taɓa gwada kan nan ba lokacin da yake ɗanye, amma ita ta yarda haka aka halicce ta, don ta ji an faɗa gaban manyan mutane.

Ƙosai bai iya riƙe mu mu biyu ba. Ta koma gidan Afandi da ƙafarta, ban hana ta ba.

Bayan 'yan shekaru aka ce abubuwa sun yi sauƙi a ƙasarsu, masu irin ra'ayinsa suna komawa. Ya ɗaure littattafansa. Kafin ya tafi ya yi magana da wani mai saukar alhazai, ya yabi 'yata ƙwarai, mutumin ya ɗauke ta aiki a gidansa. Wannan shi ne abin da ya bar mata, shi da hoton matar nan mai goyo. Aurenta da ya ɗauka gaban dattawa, ni na yi shi da taimakon matan Jarwal.

Ranar tafiyarsu jikarsa ta rungume ni a bakin mota tana kuka, tana cewa Dada, Dada, har mayafina ya jiƙe. Ta rungume 'yar'uwarta suka daɗe. Afandi ya ɗaga mini hannu daga cikin mota. Ban ɗaga ba. Ban sake ganin ko ɗayansu ba.

'Yata ta auri wani tela mutumin Chadi, mai haƙuri. Muka dawo nan unguwar Mansur tare. Ta yi aiki a gidajen mutane har ƙarfinta ya ƙare, kuma duk gidan da ta shiga ba sa so ta fita. Surorin salla a bakina ta koya, irin yadda ni ma na koya a bakin uwata. In mun je Harami ta ga mata sun buɗe Alƙur'ani, sai ta zauna tana kallon yatsunsu suna bin layi. Hoton nan yana cikin akwatinta har ta rasu, kuma ba ta yarda a zagi Afandi a gabanta. Takan ce, "Inna, bai taɓa dukana ba." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Shekaru uku ke nan da ta riga ni. Ranar zaman makokinta takalma suka taru a ƙofar nan, wani kan wani, ba mai juya su. Ƙaramar 'yarta ta sunkuya za ta jera, na ce ta bar su yadda suke, ta shigo ta karanta wa uwarta da kakanta Yasin, tunda ita an kai ta makarantar gwamnati. Ta karanta. Na yi kuka har muryata ta dushe, don ba a bakinta maigidana ya so ya ji ba.

Mutane suna cewa na tsufa, in yafe. Yarinyar da na shayar, in tana raye a Santambul, na yafe mata nonona duniya da lahira, ba ta da laifi. Afandi kuwa ba hannuna aka sa a nasa ba. Fatiha ce tsakaninsa da maigidana, kuma su biyun suna can. Malama, ajiye alƙalamin haka, a kawo mini ruwa.